Kumfar kashe gobara da ake yi da waken soya: za ta iya da wutar fetur kuwa?

Mai Riƙe da Sito ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ni ma'aikaci ne a wata ma'ajiyar mai, inda muke ajiye fetur da gas da kananzir, kuma kayan kashe gobara na cikin abubuwan da aka danƙa a hannuna. A sitonmu akwai durom goma sha biyu na ruwan kumfa irin wanda ake kira AFFF, waɗanda na tarar tun ranar da na kama aiki, kuma ba a taɓa su sai idan za a yi atisaye. A watan da ya wuce wani dillali ya kawo wa manajanmu takarda yana tallar wata sabuwar kumfa, wadda ya ce da garin waken soya ake yin ta, ba ta da guba, kuma ko da ta malala cikin gona ba za ta ɓata ƙasa ba. Ya ƙara da cewa irin wadda muke da ita duniya ta fara juya mata baya, saboda ana danganta ta da ciwon daji.

Manaja ya ce in bincika in kawo masa shawara a rubuce, ni kuwa abin ya ɗaure mini kai, domin a sanina waken soya na awara ne da madara da abincin kaji. Ina roƙon masana da ke nan su warware mini: shin da gaske ne abin da aka samo daga tsiro zai iya danne wutar fetur, ko kuwa daɗin bakin 'yan kasuwa ne? Idan kuma da gaske ne, mene ne ainihin laifin wadda ke hannunmu, har da za mu bar ta alhali kuɗi muka sa muka saya?

Malamin Kimiyya ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da zai ba ka mamaki shi ne kumfar tsiro ba sabuwa ba ce, ita ce ma ta riga wadda ke cikin sitonka zuwa duniya. Wani injiniya ɗan ƙasar Rasha mai suna Aleksandr Loran ne ya ƙirƙiro kumfar kashe gobara a shekarar 1902 a birnin Baku, garin rijiyoyin mai, inda wutar ɗanyen mai ta addabi jama'a. Kumfar farko ana samun ta ne idan aka haɗa hodar soda, 'yar uwar kanwa, da sinadarin alif irin na tace ruwa, sannan a ɗiga ɗan sinadarin saponin da ake tatsowa daga tsirrai domin kumfar ta daɗe ba ta faɗa ba. Shi kansa waken soya ya taɓa wannan aiki. Percy Julian, baƙar fata ɗan Amurka masanin haɗa sinadarai, ya kama aiki da kamfanin Glidden a Chicago a 1936, ya kuma gano yadda za a ware furotin daga waken soya da yawa. Da wannan furotin ne aka yi kumfar Aer-O-Foam, wadda sojojin ruwan Amurka suka yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Biyu wajen kashe wutar mai a jiragensu, har suka laƙaba mata suna miyar wake.

AFFF ta zo ne daga baya, a shekarun 1960, daga ɗakin binciken rundunar sojojin ruwan Amurka tare da kamfanin 3M. A ranar 29 ga Yuli 1967 gobara ta tashi a jirgin ruwan yaƙi mai ɗaukar jiragen sama, USS Forrestal, a gaɓar Biyetnam, ta hallaka mutum 134, kuma bayan wannan ne rundunar ta rungumi sabuwar kumfar hannu biyu, filayen jiragen sama da matatun mai na duniya suka bi sahu.

Sai ka fahimci abin da ya ba ta fifiko kafin ka gane abin da za ka rasa idan ka bar ta. Ruwa ya fi fetur nauyi, shi ya sa idan ka watsa shi a kan wutar mai sai ya nutse ƙasa, man ya hau kansa ya ci gaba da ci, wani lokaci ma ruwan ya kai wutar inda ba ta je ba. Kowace kumfa aikinta shi ne ta zama bargo a saman man, ta raba shi da iska, ta hana tururinsa tashi, ruwan da ke cikinta kuma ya sanyaya wurin. Amma AFFF tana da wata dabara ta biyu. Ka san irin fatar nan da ke saman ruwa, wadda ke sa ƙananan ƙwari su yi tafiya a kan tafki ba su nutse ba. A ma'aunin masana ƙarfin wannan fata a ruwa zalla ya kai 72, na fetur kuwa ashirin da 'yan kai ne. Sinadaran da ake sa wa AFFF, waɗanda ke ɗauke da wani sinadari mai suna fulorin, suna sauko da na ruwa zuwa wajen 16, wato ƙasa da na fetur, don haka wani siririn ruwa yakan tsiyayo daga kumfar ya shimfiɗu a saman man, ya ruga gaba ya toshe tururi tun kafin bargon ya iso. Sabulu da sauran abubuwan da ake samu daga man tsirrai sukan tsaya ne a tsakanin 25 zuwa 30, saboda haka ba sa iya yin wannan shimfiɗa. Ƙari a kan haka, fulorin ba ya shan mai, kumfar tana iya nutsewa cikin fetur ta taso a tsabtace.

To, abin da ya ba ta wannan ƙarfi shi ne kuma aibinta. Ƙullin da ke tsakanin kabon da fulorin yana cikin mafi ƙarfin da aka sani, rana ba ta warware shi, ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da shara a ƙasa ma ba sa iya cinsa. Dangin waɗannan sinadarai su ake kira PFAS, kuma idan suka shiga ƙasa sai su gangara cikin ruwan rijiyoyi, idan suka shiga jikin mutum sai su zauna cikin jini shekara da shekaru. Biyu daga cikin wannan dangi su ne PFOS da PFOA. Kamfanin 3M ya sanar a shekarar 2000 cewa zai daina yin PFOS. Yarjejeniyar Stockholm ta ƙasa da ƙasa kan sinadarai masu guba da ba sa ruɓewa, wadda Nijeriya da Nijar duk suna cikinta, ta sa PFOS a jerin abubuwan da aka taƙaita a 2009, ta sa PFOA a jerin waɗanda za a kawar a 2019. A ƙarshen 2023 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa PFOA a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar ga ɗan Adam, shi kuma PFOS ta sa shi a rukunin waɗanda ake zargi. A watan Afrilu na 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙayyade cewa kowane ɗaya daga cikin biyun kada ya wuce kashi 4 cikin tiriliyan a ruwan sha. A wannan fanni dillalinka bai yi ƙarya ba.

Game da kumfar waken soya ta yau, akwai ta a kasuwa. A Amurka ana sayar da wata mai suna SoyFoam, ta kamfanin Cross Plains Solutions, kuma ƙungiyar manoman waken soya ta ƙasar ta zuba kuɗi wajen gwada ta, domin su kasuwa suke nema wa garin da ke saura bayan an tatse mai. Wasu kumfofin marasa fulorin ana haɗa su da sinadaran wanki da aka samo daga sukarin masara da man kwakwa ko man alayyadi, a kuma kaurara su da wani danƙo da ake samu idan bakteriya suka ci sukari. Dukkansu da bargo kaɗai suke yaƙi, ba su da waccan shimfiɗa. Saboda haka amsata ita ce suna kashe wutar fetur, amma ba da sauƙin da ka saba gani ba.

Tsohon Ɗan Kwana-kwana ya amsa:

Malam ya yi bayanin ɗakin gwaji, ni kuma bari in kawo na bakin wuta, tun da na yi shekaru ina riƙe da mesa kafin in ajiye aiki. Lokacin da muka fara aiki mun tarar da ragowar kumfar furotin ta da, wadda ake dafawa daga ƙaho da kofato, baƙa wuluk kamar ruwan jima, ga wari wanda ko an wanke kaya sai ya kwana biyu a jiki. Ba ta da sauri, amma idan ta kwanta a kan mai ta kwanta ke nan, wuta ba ta cinye ta da wuri. Da AFFF ta zo sai ta sangarta mu, domin ko yaro sabon ɗauka ya harba ta kai tsaye cikin tsakiyar wuta za ta yi aiki, ba ta kama mutum da laifin hannunsa.

Kumfar da ba ta da fulorin ba ta yafe irin wannan ganganci, ɗana, kuma a nan ne nake jin tsoron a sauya durom a bar mutane da tsohon hannu. Idan ka soka ta da ƙarfi cikin fetur za ta kwaso man a jikinta, ta taso tana ci da wuta, ka ga bargon da kake shimfiɗawa shi kansa ya zama makamashi. Dole a sauke ta a hankali: ko a doki bangon tanki ta gangaro, ko a doki ƙasa a gaban wutar ta mirgina ta hau, ko a harba sama ta sauko kamar yayyafi. Kan mesa ma sai an duba, domin tana bukatar irin wanda ke zuƙo iska ya kaɗa ta ta yi kauri, ba irin na feshin ruwa ba. Sau da yawa kuma za ka yi amfani da ruwan kumfa fiye da yadda ka saba kafin wuta ta mutu, don haka lissafin yawan durom da za ku ajiye zai canza.

Akwai kuma na'urar da ke auna haɗi. Idan an rubuta kashi 3 cikin ɗari a jikin durom, ana nufin lita 3 na ruwan kumfa a cikin lita 97 na ruwa, kuma na'urar an saita ta ne bisa kaurin abin da za ta zuƙa. Da yawa daga cikin sababbin nan suna da kauri da yauƙi kamar miyar kuɓewa, sai na'urar ta zuƙi ƙasa da abin da ya kamata, kai kana ganin farin abu na fita ka ɗauka kumfa ce, alhali ruwan sabulu ne da zai faɗa cikin minti biyu. Sannan ka tambayi dillalin iyakar zafin da abin zai jure a ajiye. Abin da aka yi da gari da furotin abinci ne ga ƙwayoyin ruɓa, mu kuwa a watan Afrilu zafin inuwa ma yakan haura digiri 40, balle durom da aka bari a ƙarƙashin kwano.

Kada a ɗauka ina kushe ta. Manyan filayen jiragen sama irin su Heathrow na Landan da na Kopenhagen da na ƙasar Ostareliya sun bar kumfa mai fulorin shekaru da dama, kuma jirage ba su daina sauka a can ba. Abin da suka yi shi ne sun sauya kayan aiki sun sake horar da mutanensu. Kuma a ƙasarmu babban amfanin kumfa sau da yawa kafin wuta ta tashi ne. Duk wanda ya tuna abin da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024, inda tankar mai ta faɗi fiye da mutum 150 suka rasu, ya san cewa fetur da ya malala a ƙasa tururinsa ne abin tsoro. Kumfar da za a iya lulluɓe irin wannan malala da ita a bakin gari, kusa da rijiyoyin mutane, ba tare da an bar musu dafin shekaru ba, abin so ce, muddin bargonta zai jure rana da iska har a kwashe man.

Mai Nazarin Ruwa da Kifi ta amsa:

Baba, Allah ya ƙara lafiya, na ƙaru da bayaninka. Ni inda zan ɗan ja hankali shi ne maganar dillalin cewa abin ba shi da illa saboda daga tsiro ya fito. Wannan hujja ba ta tsayuwa, kuma misalin yana bakin ƙofarmu. Aduwa tana ɗauke da saponin ɗin nan da Malam ya ambata, shi ya sa ɓawonta da saiwarta suke kumfa har a yi wanki da su, amma wannan sinadarin ne kuma ya sa aka daɗe ana amfani da ita wajen bugar da kifi a tafki, masana ma sun gwada ta wajen kashe dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya. Duk abin da ke sa ruwa kumfa yana taɓa hanyar numfashin kifi, ko daga masana'anta ya fito ko daga daji.

Illa ta biyu ta fi ɓoyuwa. Abu mai saurin ruɓewa, idan ya shiga kogi ko kududdufi da yawa, ƙwayoyin da ke cinsa sukan ninka cikin ɗan lokaci su zuƙe iskar oksijin da ke cikin ruwan, washegari a tarar da kifi sun taso sama ciki a buɗe. Bambancin dai shi ne wannan ɓarna ta kwanaki ce ko makonni, ruwan ya farfaɗo, ta PFAS kuwa jikoki ma za su gada. Don haka na yarda ta fi, amma ko da ita za ku koma, ruwan da ya gangaro bayan kashe gobara sai an tare shi a rami ko a bayan ganuwar tanki, tun da ma yana ɗauke da mai da toka.

Aikin da ya fi burge ni a wannan fage na birnin Kitakyushu ne a Japan. Bayan girgizar ƙasar Kobe ta 1995, inda bututun ruwa suka fashe gobara ta ci unguwanni babu abin kashewa, hukumar kashe gobarar birnin ta haɗa kai da jami'ar garin da kamfanin sabulu na Shabondama domin su samo abin da zai rage yawan ruwan da ake bukata, kuma a 2007 suka fito da kumfar da aka gina a kan sabulu na man tsirrai. Hikimar ita ce sabulu na gaske, da zarar ya haɗu da ma'adinan da ke cikin ruwan kogi, sai ya dunƙule ya daina aiki, don haka illarsa ga kifi ta ragu ƙwarai. An kai ta har Kalimantan ta Indonesiya an gwada a kan wutar da ke ci a ƙarƙashin ƙasar fadamun daji. Sai dai a lura da abu biyu: an yi ta ne domin wutar gidaje da itace da ciyawa, inda ake so ruwa ya ratsa cikin abu, ba domin tankin fetur ba, sannan halin nan nata na dunƙulewa shi ne zai zama matsala a inda ruwan burtsatse yake da zartsi, kamar yadda kowace mace ta san sabulu ba ya kumfa a irin wannan ruwa.

Game da durom goma sha biyun nan, Malam Mai Sito, don Allah kada a ce za a ƙarar da su a atisaye ko a tuttular a kwata. Filayen atisaye ne suka fi gurɓata ruwan ƙasa a wuraren da aka bincika, irin su Oakey da Williamtown a Ostareliya, inda mazauna kusa da sansanonin soja aka shawarce su su daina shan ruwan rijiyoyinsu. Ana lalata irin wannan sinadari ne a tanderu na musamman mai zafin da ya haura digiri 1,100, kuma kafin a sami hanyar hakan gara su zauna a rufe a kan daɓen siminti, a inuwa, da rubutu a jikinsu.

Mai Riƙe da Sito ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na koma na duba takardar dillalin da idon da kuka ba ni, sai na ga shafi biyu cur suna magana a kan muhalli da yawan kason tsiro da ke cikin abin, amma layi ɗaya tak ya taɓo gwajin wuta, shi ma bai faɗi irin man da aka kunna ba. Malam, wace shaida ce takamaimai zan nema kafin in rubuta wa manaja?

Malamin Kimiyya ya amsa:

Shaidar muhalli daban, shaidar kashe wuta daban, kuma ɗaya ba ta tsayawa a madadin ɗaya. Ga ma'ajiyar mai irin taku, ka nemi takardar gwaji ta ma'aunin Turai mai suna EN 1568, kashi na 3, wanda ya shafi man da ba ya gauraya da ruwa kamar fetur da gas da kananzir, ko kuma ta ma'aunin Amurka mai suna UL 162, kuma takardar ta fito daga ɗakin gwaji mai zaman kansa, ba daga kamfanin da ya yi kayan ba. Idan kuna ajiye wani abu mai barasar masana'anta a ciki, wanda yake narkar da kumfa ta yau da kullum nan take, to kashi na 4 za ka nema. Idan abin da aka nuna maka NFPA 18 ne kawai, ka sani wannan ma'auni ne na sinadaran da ke taimaka wa ruwa ya jiƙa abu, bai kai matsayin shaidar kare babban tanki ba. Ita ma ma'aikatar tsaron Amurka, da majalisarsu ta umarce ta ta bar AFFF, sai da ta rubuta sabon ma'auni na kumfa marar fulorin a watan Janairu na 2023, ta riƙa gwada kayan kamfanoni ɗaya bayan ɗaya kafin ta amince da kowanne.

A cikin takardar ka dubi lambobi uku: tsawon lokacin da wutar ta ɗauka kafin ta mutu, lokacin da kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kumfar ya tsiyaye, da kuma yadda bargon ya jure da aka sake kunna wuta a tsakiyarsa. Ka kuma nemi sakamakon awon fulorin gaba ɗaya, domin an sha samun kayan da aka cire musu PFOS da PFOA aka maye gurbinsu da 'yan uwansu masu gajeren jiki, waɗanda su ma ba sa ruɓewa. Tankin motarku ta kashe gobara da bututunta kuwa sai an wanke su sosai an auna ruwan ɗaurayar, in ba haka ba tsohon sinadarin da ya manne a bango zai ci gaba da fita cikin sabuwar kumfar.

Tsohon Ɗan Kwana-kwana ya ƙara da cewa:

Bayan takardun Malam, ka ce dillalin ya kawo jarka ɗaya. Ku ajiye ta a sitonku wata guda a cikin zafin nan, sannan ku fita fili nesa da tankuna, tare da jami'an kashe gobara na jiharku, ku zuba gas da ɗan fetur a faffaɗan tire na ƙarfe. Ku haɗa ta da ruwan burtsatsenku, ta cikin na'urarku, da kan mesarku, kuma mutanen da za su riƙe mesar su kasance waɗanda ke kwana a bakin aiki da dare. Wani ya riƙe agogo, idan wutar ta mutu ku bar bargon minti goma a rana, sannan a buɗe gefe ɗaya a sake kunnawa a ga ko zai rufe kansa. Abin da agogon ya nuna shi za ka rubuta wa manajanka, tare da ranar da aka yi gwajin da kuma inda iska take kaɗawa.